Kwalbar zuwa-zuwa ba ta da rubutu, kuma mai injin ban ruwa ne ke biyan kuɗin

Kawuna yana da lambu a bakin Binuwai ta wajen Pitowa a arewacin Kamaru, albasa yake yi da tumatir da ɗan attarugu, kuma duk abin da zai samu a rani ya rataya ne a kan injin ban ruwa guda ɗaya, irin ɗan jan nan na China da mutum biyu ke ɗauka. Bara da ruwan sama ya sauka sai ya kwance tiyo ya naɗe, ya kawo injin zaure ya lulluɓe shi da buhu, kuma da yake mutum ne mai tattali sai da ya cika tankin fal kafin ya ajiye, wai gara ya saya yanzu kafin mai ya ƙara tsada. Wata huɗu da 'yan kwanaki injin yana nan ba wanda ya taɓa shi. Da kaka ta yi aka yafa irin albasa aka zo za a ba shi ruwa, aka ja igiya aka ja aka ja, ya yi tari sau biyu ya mutu, daga nan ko tarin ma ya daina.

Ni na ɗora shi a bayan babur na kai wa wani dattijon bakanike a Yelwa nan cikin Garwa. Bai tambaye ni komai ba, ya kwance ɗan kofin nan na ƙasan kafireto ya miƙo min ya ce duba. Cikin kofin duk wani farin abu ne ya kama kamar an shafa kanwa, a gindinsa kuma wani abu mai yauƙi kore-kore, ƙarfen kansa ya yi 'yan ramuka ramuka kamar gara ta ci shi. Robar bakin kofin ta kumbura ta fi wurinta girma, da ya so mayar da ita ta ƙi shiga. Ɗan tiyon da ke kawo mai daga tanki da ya matsa shi da yatsa sai ya ɓare a hannunsa. Sai ya ɗauko kwalba fara ya tsiyaye man tankin a ciki ya ajiye a kan benci, ba a yi minti biyar ba man ya rabu biyu, sama fetur ƙasa wani ruwa mai duhu-duhu kamar tsarin wanki, kuma yawansa ya wuce yatsa biyu.

Na ce Baba, ruwa aka zuba mana kenan?

Ya ce ɗana da ruwa a ciki, amma wannan ba ruwa kaɗai ba ne, in akwai sauran man a gida kawo min.

Akwai saura a jarka, wadda aka ɗaure bakinta da leda aka murɗa murfi sosai. Abin da ya yi da shi shi ne dalilin wannan rubutun, don ni ban taɓa gani ba kuma abu ne da yaro ma zai iya. Ya zuba ruwa kaɗan a siririyar kwalba, ya ja layi da biro daidai inda ruwan ya tsaya, ya ƙara mai kamar ninki tara na ruwan, ya toshe ya girgiza sosai ya ajiye. Fetur zalla ba ya haɗuwa da ruwa, in ka girgiza su suka natsa ruwan zai koma daidai layinsa. Namu da ya natsa sai ga shi ya haura layin nesa ba kusa ba. Ya ce to ka gani, akwai abin da ya bar man ya bi ruwa, kuma abin da ke yin haka a cikin fetur dangin giya ne, itanol ko ɗan uwansa metanol.

Toh bari in yi bayani ga wanda bai sani ba. Itanol shi ne sinadarin nan da ke cikin barasa, ana yin sa da rake ko masara ko rogo, a jiƙa a bari ya yi tsami a tace. Wanda ake zubawa a fetur an riga an gurɓata shi yadda ba ya shayuwa, saboda haka maganar da nake yi ta inji ce ba ta shaye-shaye ba. Ƙasashe da yawa da gangan suke haɗa shi da fetur kuma doka ce ta sa su. In ka ga an rubuta E10 a famfon gidan mai, ana nufin kashi 10 cikin 100 itanol ne. Barazil tun 1975 ta kama wannan hanya da rakenta, Faransa ta fara sayar da E10 a 2009, Ingila a 2021, a Amurka kusan duk fetur ɗin da ake sayarwa haka yake, a nan Afirka ma Malawi tun 1982 take haɗawa, Najeriya kuma ta rubuta manufar kai wa kashi 10 tun 2007. Kuma ba hauka suke yi ba, itanol yana ƙara wa mai ƙarfin jure matsi a cikin inji yadda ba zai riƙa ƙwanƙwasa ba, aikin da gubar dalma take yi a da kafin a hana ta, yana rage kuɗin da ƙasa ke fitarwa wajen sayo mai, manomin rake ma ya samu kasuwa. Ni ban ce abin banza ba ne.

Abin da nake cewa shi ne an tsara shi ne don motar zamani wadda tankinta a rufe yake ruf, kwamfuta ce ke auna mata mai da iska, kuma mai ita yana ƙone tanki cikin sati ɗaya ko biyu ya sake sha. Mu kuma rayuwarmu a nan arewa a kan ƙananan injuna take, injin ban ruwa, gurup, wato janareta, na mai shago da mai cajin waya da tela, injin markaɗe, injin kwale-kwalen masunta a Lagdo, babur na 'yan kilando masu ɗaukar fasinja, dukkansu kafireto ne, kuma tankinsu yana da ɗan rami a murfi da yake shaƙar iska dare da rana.

Wannan ɗan ramin shi ne kan maganar. Itanol yana son ruwa, yana jawo laima daga iska ya riƙe. In ruwan kaɗan ne ba laifi, zai tafi da shi ya ƙone a inji ba ka ma sani ba, a nan har ya fi fetur zalla. Amma yana da iyaka, kuma iyakar ba ta da nisa, wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 ne, wato a jarka mai lita 20 ruwa cikin ɗan kofin shayi ya isa. Da zarar an wuce nan sai itanol ɗin ya saki fetur ya rungumi ruwan su sauka ƙasa tare, kuma ba girgizar da za ta mayar da su yadda suke. A ƙasan tanki kuwa nan ne bakin tiyo yake, saboda haka abin da inji zai fara zuƙa in ka ja igiya ba mai ba ne, ruwan giya ne. Wanda ya rage a sama shi ma ya rasa ƙarfinsa na jure matsi tunda abin da ke ƙara masa ƙarfin ya gudu. Shi wannan ruwan na ƙasa in ya kwana wata da watanni a kofin kafireto shi ke cin gorar ruwa da tutiya da aka yi kofin da su, ya bar farin garin nan da na gani, ya sa tankin ƙarfe tsatsa, garin da tsatsar su toshe ɗan ramin da mai ke bi wanda bai fi bakin allura ba. Roba ma in ba irin wadda aka yi don shi ba ce yana kumbura ta ko ya busar da ita ta tsage. Masu injin da ake haɗa wa mai da baƙin mai, irin na yankan itace da wasu na kwale-kwale, nasu ya fi muni, don ruwan da ya rabu ba ya ɗauke da baƙin man, injin zai yi ta gudu a bushe har ya kama.

Yanzu ku duba lokacinmu. A rani iskarmu busasshiya ce, ba laimar da za a jawo, kuma lokacin ne inji ke aiki kullum mai ba ya kwana. Yaushe ake ajiye injin ban ruwa? Da damina. Daidai watannin da gishiri ke narkewa a kwano, ashana ta ƙi kamawa, kaya su yi funfuna a akwati, lokacin ne injin kawuna yake zaune a zaure da tanki cike yana shan laimar Yuli da Agusta da Satumba. Gurup ma haka, in wuta ta ɗan zauna sai a manta da shi da sauran mai a ciki, ranar da aka ɗauke wuta da daddare ranar za a tuna da shi, ya ƙi tashi, a zagi China. Ɗan kilando da ke ƙone lita uku huɗu a yini shi da wuya ya ga wannan matsalar, abin da zai gani dai man ba ya kai shi inda ya saba, domin itanol ƙarfinsa bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku, a E10 za ka rasa wajen kashi 3 cikin 100 na tafiyarka. Ga mai albashi ba komai ba ne, ga wanda ke lissafin abin da zai kai wa mai babur da yamma kuma ya ga me ya rage na cefane, wani abu ne.

Sannan ga yadda muke ajiye mai. Kowa ya san zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya a sayar a bakin titi, daga Mubi da Yola da Banki yake shigowa a jarkoki a bayan babura ko ta ruwa, ya zauna a duro, daga duro a juye a jarka, daga jarka a juye a kwalabe da mazurari da ɗan tsumma a baki, a jera a kan tebur a rana. Duk juyi ɗaya iska ta shiga. Duron nan da rana ya yi zafi iskar ciki ta fita, da dare ya huce ya zuƙo sabuwa mai laima, raɓa ta taru a jikinsa ta ciki ta gangara. Ni ba na zagin masu wannan sana'a, 'yan uwanmu ne, kuma in ba su ba ƙauyuka da yawa ba za su ga digon mai ba don gidan mai mafi kusa yana da nisan tafiyar awa biyu. Shi yaron da ke zuba maka ma bai san abin da ke cikin kwalbar ba, launi kawai yake gani, shi ma haka aka sayar masa.

Wani zai ce ai laifin kawunka ne, wa ya ce ya ajiye mai wata huɗu. Gaskiya ne fetur zalla ma in ya daɗe a zafinmu yana lalacewa, mai sauƙin cikinsa ya tashi ya bar danƙo, kuma shi ma ruwa yana taruwa a ƙasansa. Amma shekara nawa kawu yana ajiye injin haka, abin da ya saba shi ne a wanke fulogi a ja sau biyar ya tashi. Man ne ya canja hali ba a gaya masa ba. Mutumin da bai san akwai wani abu wai shi itanol ba ta yaya za ka ce ya yi sakaci da shi? A Amurka inda suka fi kowa amfani da shi, hukumarsu ta kare muhalli ta hana a zuba mai kashi 15 a babur da injin kwale-kwale da ƙananan injuna, kuma dole a manna takarda a jikin famfo a faɗa. Kamfanoni irin su Honda a littafin injinsu sun rubuta kada ya wuce kashi 10, kuma a tsiyaye man in za a ajiye injin. Can mutum yana da rubutu a famfo, yana da littafi a yarensa, yana da wani famfon da zai koma in bai so wannan ba. Mu injin yana zuwa a kwali da 'yar takarda da ba mai iya karantawa, man kuma yana zuwa a kwalbar da a da ta lemo ce.

Kuma kar a ce wannan tsoro ne na banza. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur Najeriya daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da kima, hukumomin Najeriya da kansu suka faɗa, aka janye miliyoyin litoci daga kasuwa, layin mai ya yi makonni, motocin mutane suka lalace. Wannan ta tashar jirgin ruwa ya shigo, da takardu da masu dubawa, kuma ya wuce. Mu da muke shan abin da ya tsallako iyaka da dare wa zai janye mana? Ta ɓangaren gidan mai ma, tun da matatar SONARA ta Limbe ta ƙone a ƙarshen Mayun 2019 man da Kamaru ke ƙonawa daga waje ake sayo shi a tace, wani ne ya haɗa shi a wata ƙasa, mu sai dai mu dogara da gwajin da aka yi a bakin teku kafin ya yi doguwar tafiyarsa zuwa Ngaundere da Garwa. 'Yan uwanmu na Njamena su suna da matatar Jarmaya tun 2011, amma su ma duk ranar da aka rufe ta don gyara kwalabe ne ke cika titi.

Ga kuma tsada. Lita a gidan mai daga sefa 630 ta koma 730 a 2023, ta koma 840 a 2024, a Chadi ma a 2024 ɗin ta tashi daga 518 zuwa 730, zuwa-zuwa kuma tun da aka cire tallafi a Najeriya a Mayun 2023 ya daina zama abin arha da muka sani. In abu ya yi tsada mutane biyu ne ke ƙaruwa, mai ɓoyewa don gobe irin kawuna, da mai ƙara wani abu a ciki don ya yi auki. Dukkansu biyun suna kai mu wuri ɗaya, mai da ba a san cikinsa ba yana daɗewa a ajiye.

Shi ya sa duk lokacin da na ji ana maganar ya kamata mu ma mu fara haɗa itanol tunda muna da rake a Mbanjok da Nkoteng, Chadi ma tana da shi a wajen Sarh, ba na cewa a'a, amma gabana yana faɗuwa, don na san waɗanda za su zauna su yanke shawarar motocinsu sababbi ne, ba wanda a cikinsu ya taɓa jan igiyar inji da asuba yana kallon iri yana yaushi. In da ragowar rake za a yi, wanda ake samu bayan an cire sukari, to madalla. In kuwa masara za a taɓa, wadda ita ce tuwonmu, ni ban yarda ba ko kaɗan, Amurka tana iya juya fiye da kashi ɗaya cikin uku na masararta ta zama mai don ta ƙoshi, mu a watan Agusta kowa ya san yadda kwanon masara yake yi a kasuwa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin hukuma ba. A rubuta a jikin kowane famfo ko akwai itanol a man da kuma kashi nawa, da Faransanci da alamar da wanda bai yi makaranta ba zai gane. In an fara haɗawa a bar famfo ɗaya na fetur zalla a garuruwan noman rani da kamun kifi ko da ya ɗan fi tsada, manomi zai saya don tankin ƙarshe na shekara. Muna da ANOR mai kula da ingancin kaya, muna da HYDRAC mai gwajin mai, to gwajin ya hauro arewa, a riƙa ɗiban samfur a Garwa da Marwa da Kusiri har da na bakin titi, ba don a kama yara a fasa musu kwalabe ba, don a sanar a rediyo da Hausa da Fillanci da Larabci cewa man da ke yawo a wannan watan ga halinsa. Masu shigo da injuna ma a tilasta musu kawo tiyo da robobin da ke jure itanol, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba a kan asarar da ake yi. Malaman gona da ke zagaya lambuna suna koyar da taki da magani, me zai hana su ƙara minti biyar su nuna gwajin kwalba?

Kawu dai sai da aka sayi sabon kafireto da tiyo aka wanke tanki da tsakuwa da kananzir, kwana shida kenan, a cikinsu ya yi hayar injin maƙwabci na kwana biyu, sauran kwanakin yara suka yi ta jido da bokiti, duk da haka kusan rabin irin ya ƙone sai da ya sayi wani a hannun mutane ya dasa a makare. Albasarsa ta fito lokacin da kasuwa ta riga ta cika.

Bana da ruwa ya sauka ni na je da kaina. Muka rufe makunnin mai muka bar injin yana gudu har ya shanye na cikin kafireto ya mutu don kansa, muka kwance ɗan kusar ƙasan kofin sauran ya ɗige, muka tsiyaye tankin tas na juye man a babur ɗina na ƙone shi a hanyar komawa Garwa. Kawu yana tsaye yana kallo, ya ce yanzu haka za a bar shi ba ko ɗigo? Na ce haka Kawu, in kaka ta yi ma sayi sabo. Ya ɗauki siririyar kwalbar da na kawo masa mai layin biro a jiki ya juya ta a hannu, ya ce in sake nuna masa yadda ake yi, maƙwabcinsa na lambu ma yana so ya gani.